In jirgi ya sauke ka a Abuja, me zai kai ka gida?

Gwaggona ta haura shekara saba'in kafin ƙafarta ta taka jirgin sama. Kuɗin Umrarta ba wani ne ya ba ta ba. Adashi ta yi ta zubi shekara da shekaru, ta sayar da tumakinta uku, 'ya'yanta suka cika mata ragowar. Da tikiti ya fito sai ya zama daga Abuja jirgin zai tashi, kuma ana son fasinja su hallara da sassafe. Mu kuwa a Kaduna muke. Babu mai hankalin da zai ɗora tsohuwa kan hanyar Kaduna zuwa Abuja da tsakar dare, don haka tun ana gobe tafiya muka shiga mota bayan azahar, ta sauke mu a Madalla dab da magariba, muka kwana gidan wani ɗan'uwa.

Muna idar da sallar asuba muka fito Zuba, ni da akwatinta a ka, ita da jakar guzuri da 'yar butarta. Duk wanda ya san Zuba ya san ba a rasa mota a wurin. Ga masu kiran Gwagwalada, ga masu kiran Kubwa da Wuse, ga na Lakwaja, ga na Kano suna ɗaure kaya. Ta filin jirgi ce kaɗai babu. Wani ɗan kamasho ya tausaya mana ya kwatanta mini hanya: mu hau ta Gwagwalada mu sauka a Giri, mu tsallaka titi mu tari wata da za ta ajiye mu a mahaɗar filin jirgi, daga nan kuma mu nemi abin da zai shigar da mu ciki. Hawa uku, sauka uku, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, da akwati, cikin duhu. Na dubi agogo, na dubi Gwaggo, na ce a nemo mana shata.

Kuɗin da direban ya yanka ya fi abin da mu biyun muka biya tun daga Kaduna. Gwaggo ta ji, ta matso kusa da ni ta ce, "Ɗan nan, shi filin jirgin wata ƙasa ce daban?" Na ce, "A'a Gwaggo, nan ne gaban Giri kaɗan." Ba ta ƙara magana ba. Sai da muka kama hanya na ga tana kwance haɓar zaninta, tana ƙirga 'yan kuɗin da ta ware don tsarabar jikoki, wai za ta cika mini. Na hana ta. Har yau in na tuna yadda yatsunta ke lalubar ƙullin nan cikin duhun mota raina yana ɓaci, kuma ba da direban nake ba. Shi ma mai ya saya, ya kuma san zai dawo babu fasinja.

Filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe shi ne ƙofar babban birnin ƙasar nan. Tsakaninsa da tsakiyar gari ya fi kilomita 30, amma an tsara shi kamar duk mai zuwa wurin yana da mota da direba. Akwai wurin ajiye motoci, akwai layin tasi, akwai ƙofar manya, har tashar jirgin ƙasa akwai. Abin da babu shi ne wurin da baƙo zai fito da kayansa ya ga allo an rubuta Zuba, ko Nyanya, ko Kaduna, da lokacin tashi da kuɗin kujera. Ƙananan motocin haya da ke lodi daga wajejen Lugbe suna nan, ɗan gari ya san lungunsu, amma wanda ya sauka daga Jidda da dare bai sani ba, kuma ba su da wurin sa akwati biyu. Ra'ayina shi ne a kafa tashar mota ta gaske a cikin filin nan: bas-bas da za su riƙa zirga-zirga zuwa manyan tashoshin Abuja, da motocin safa da za su riƙa zuwa kai tsaye daga garuruwan da suka dogara da filin.

In na kawo maganar a majalisar hira, amsar farko da nake samu ita ce, "Wanda ya iya biyan kuɗin jirgi ai ba zai rasa na tasi ba." Mai faɗin haka bai taɓa tsayawa ya ƙare wa zauren tashi kallo ba. E, akwai masu manyan riguna da yaransu ke ja musu jaka. To, ka dubi sauran. Ga ayarin tsofaffi da fararen hijabai, kowace da jaka iri ɗaya da kamfanin Umra ya raba musu. Ga saurayin da ya samu gurbin karatu a waje, dangi kaf aka yi masa karo-karo. Ga magidancin da ya sayar da gonar gado zai kai matarsa asibiti a Masar ko Indiya, ana tura ta a keken marasa lafiya. Ga 'yar kasuwa mai zuwa sarin kaya, wadda ta san ribar kowace abaya har kwabo. Ba rarar kuɗi ce ta kawo waɗannan ba. Da yawansu tikitin nan shi ne abu mafi tsada da suka taɓa saya, kuma bayan sun saye shi babu abin kirki da ya saura a aljihu.

Sannan mu ba mu saba tafiya mai nisa babu rakiya ba. In mutum ɗaya zai tashi, sai ka ga ɗa da ƙane da suruki sun biyo shi, in zai dawo kuma a zo tarya. Kujera ɗaya a sama takan jawo kujera uku ko huɗu a ƙasa, zuwa da dawowa. Masu lissafin yawan fasinjojin jirgi su ce bas ba za ta cika ba, suna mantawa da waɗannan.

Akwai kuma waɗanda aka fi mantawa da su, su ne ma suka fi ba ni tausayi. Filin jirgi gari ne guda. Akwai masu shara da goge-goge, masu tura kaya, masu gadi, masu dafa abinci, yaran shaguna, masu loda kaya cikin jirgi, ƙananan ma'aikatan tsaro. Kafin jirgin ƙarfe bakwai na safe ya tashi, wani ya riga ya wanke banɗakin da fasinja zai shiga tun biyar da rabi. Mutanen nan ba a Maitama ko Asokoro suke kwana ba. Suna Lugbe, Kuje, Gwagwalada, Sauka, wasu har Nyanya da Mararaba, can ɗaya gefen birnin. Wasu hukumomi da kamfanoni suna da motar ma'aikata, amma ba kowa take ɗauka ba, ba kuma kowace unguwa take zuwa ba. Ka bi titin Umaru Musa 'Yar'aduwa kafin gari ya waye ka gani da idonka: mutane ne tsaye a ƙarƙashin gadoji, da rigunan aiki masu ƙyalli, katin shaida na rataye a wuya, suna ɗaga wa kowace mota hannu. Wata ta tsaya, goma su wuce. A garin da ɓarayin nan masu yi wa fasinja fashi a cikin motar haya da ake kira 'yan wan-cans suka addabi jama'a, matar da ke shiga motar da ba ta sani ba a wannan lokaci da ranta take caca, kuma kullum sai ta yi, don in ta makara albashinta za a yanka.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin ya ƙara cakuɗewa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ka raba wannan a kan kwana ashirin da wani abu na aiki, ka cire hawa biyu ko uku zuwa, biyu ko uku dawowa, ka ga abin da zai rage na garin tuwo da kuɗin haya. Mai aikin da ba shi da wata hanya sai ƙananan motoci, shi ne ya fi kowa biyan tsada a kan kowane kilomita.

Wanda ya ce abin ba zai yiwu a ƙasar nan ba, sai in tuna masa 2017. A ranar 8 ga Maris na shekarar aka rufe filin jirgin Abuja na tsawon mako shida don gyaran titin saukar jirage, wanda ya lalace har ya zama haɗari. Aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Yawancin kamfanonin ƙasashen waje suka ƙi zuwa, na Habasha ne ya amince. Mu mutanen Kaduna mun ga abin da ya biyo baya. Cikin ɗan lokaci aka ƙarasa ginin zauren fasinja, aka cike ramukan hanya, aka jera jami'an tsaro, sannan gwamnati ta tanadi motocin safa kyauta masu ɗaukar fasinja tsakanin filin jirgin Kaduna da Abuja, da rakiyar 'yan sanda. Tafiya ce ta kusan kilomita 200. Mutum ya sauka daga jirgi, ya ja akwatinsa 'yan taku kaɗan, ya hau mota mai sanyi, babu ciniki, babu jayayya.

Ba na ƙyashin waɗanda suka mori wannan tsari, abin da ya kamata aka yi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ana buɗe filin Abuja a watan Afrilu aka naɗe komai kamar tabarmar biki. An koyi yadda ake haɗa jadawalin mota da na jirgi, an koyi yadda ake tantance fasinja da kayansa kafin ya hau, an koyi yadda ake raka ayari a hanya mai haɗari, sai aka watsar da ilimin. Hanyar tana nan, mutanen suna nan, har sun ƙaru. Bambancin kawai, a wancan mako shidan ministoci da 'yan majalisa da manyan 'yan kasuwa ne ke buƙatar motar. Da tafiyar ta koma ta irin su Gwaggo, daga Kaduna zuwa filin Abuja, babu wanda ya sake ganin akwai matsala.

Sai maganar jirgin ƙasa, wadda ita ce hujja mafi nauyi da ake kawo mini. Gaskiya ne akwai shi, kuma ina cikin masu murna da shi. Shugaba Buhari ya buɗe jirgin ƙasa na cikin Abuja a watan Yulin 2018, ya tsaya lokacin annobar korona a 2020, ya shafe shekara huɗu a kwance, sannan Shugaba Tinubu ya sake ƙaddamar da shi a ranar 29 ga Mayun 2024, aka yi watanni ana hawa kyauta. Layinsa ɗaya yana tasowa daga tsakiyar birni ya bi ta Idu ya ƙare a filin jirgi, ɗayan ya tashi daga Idu ya bi ta Dei-Dei zuwa Gbazango a Kubwa. A Idu ɗin ne kuma jirgin da ke tasowa daga Rigasa yake tsayawa tun 2016. A takarda, ɗan Kaduna zai iya hawa a Rigasa, ya sauya a Idu, ya sauka a bakin zauren tashi.

Amma layin dogo inda aka shimfiɗa shi nan yake bi. Bai je Nyanya ba, bai je Karu da Mararaba ba, bai je Lugbe ba, bai je Zuba da Gwagwalada ba, kuma nan ne jama'a suke. Sawunsa a rana ba su da yawa, ba ya aikin dare, alhali jiragen ƙasashen waje da dama da dare ko da asuba suke sauka su tashi. In jirgin Rigasa ya iso Idu bai dace da na filin jirgi ba, sai ka fito ka nemi tasi, ka koma gidan jiya. Mun kuma ga yadda layi ɗaya tak ke iya tsayawa cak: bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris ɗin 2022, sai a watan Disamba ya dawo aiki. Ƙara layin dogo aikin shekaru ne da bashin biliyoyi. Sa bas a kan titin da aka riga aka gina aikin watanni ne. Bas ba kishiyar jirgin ƙasa ba ce, ita ce ma za ta kwaso masa fasinja daga unguwannin da bai kai ba.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Turkiyya shaida ne. Sabon filin jirgin Istanbul yana can nesa da gari kamar namu. An mayar da jirage can a watan Afrilun 2019, jirgin ƙasa na cikin gari bai isa wurin ba sai a watan Janairun 2023. A tsakanin nan ba a ce wa mutane su jira ba. Motocin safa na Havaist ne suka riƙe filin, kowace da lambarta da inda ta nufa, har da mai zuwa Aksaray, unguwar da mutanenmu ke sauka saboda kasuwar Laleli. Yaron mota ya karɓi akwatinka ya liƙa masa lamba ya ba ka rabin takardar, ka zauna, lokaci na cika ta tashi. Da jirgin ƙasan ya zo ma ba a soke su ba. Haka filin Heathrow na Landan yake da babbar tashar mota a tsakiyarsa, safa-safa na tashi daga nan zuwa garuruwan Ingila ba sai ka shiga Landan ba. Ko alhazanmu, da suka sauka a Jidda ko Madina, ba tasi ake tarar musu ba, motocin safa ne ke jere suna jiransu.

A maganar lokacin nan ne gizo ke saƙar, kuma in ba a gyara nan ba, gara kada a fara. Al'adar tashoshinmu ita ce mota ba ta tashi sai ta cika. Ka zo ƙarfe bakwai ka zauna, ɗan kamasho yana ta rantsuwa saura mutum ɗaya, har tara ta yi. Mai zuwa biki ko ganin gida zai iya haƙuri da wannan. Mai kama jirgi ba zai iya ba, don jirgi ba ya jiran kowa, tikitin da ya wuce kuma sai an yi da gaske ake samun ko rabin kuɗinsa. Ranar da bas ɗin filin jirgi ta tsaya jiran cika ta sa mutum ɗaya ya rasa jirginsa, labarin zai zaga gari, daga nan babu mai sake yarda da ita. Saboda haka dole motar ta tashi a kan lokacinta ko da mutum uku ne a ciki. In an ce huɗu da rabi na asuba, to huɗu da rabi ɗin. Wata ukun farko za a yi ta ganin kujeru babu kowa, masu sukar abin za su ɗauki hoto su sa a Facebook su ce an yi asara. Sai an daure wa wannan. Mutum ba ya barin shatar da ya saba da ita sai ya ga mota ta cika alkawari sau goma a kan idonsa.

Direba mai zaman kansa ba zai iya ɗaukar asarar kujerun nan ba, kuma ba adalci ba ne a ce ya ɗauka. Nan ne hukuma za ta shigo. Kowace motar da ta shiga filin jirgi tana biyan kuɗin ƙofa, wadda ta tsaya tana biyan na ajiya. Hukumar FAAN mai kula da filayen jirage da ma'aikatar Babban Birnin Tarayya za su iya zama su ware wani kaso daga irin waɗannan kuɗaɗe a riƙa biyan kamfanin da ya ci kwangila gwargwadon sawun da ya yi a kan lokaci, ba gwargwadon kawunan da ya ɗauka ba. In ya makara a yanke masa. Ta haka direba ba shi da dalilin tsayawa a Lugbe yana kiran fasinja. Ga kuma shirin motoci masu aiki da iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ke yayatawa tun 2023. Babu hanyar da ta fi dacewa da su kamar wannan: titi mai faɗi, nisa sananne, mota ta je ta dawo wuri ɗaya ta sha gas.

Ba sai an fara da hanyoyi ashirin ba. Ni dai da za a tambaye ni, ta Zuba ce farko, ta bi ta Giri ta wuce ƙofar Jami'ar Abuja ta shiga filin, don duk wanda ya taso daga Kaduna, Zariya, Kano, Minna ko Bida nan yake faɗowa, kuma ba shi da abin yi a cikin birni. Sai wadda za ta taso daga Nyanya ta kwashi mutanen Keffi da Lafiya da Jos. A watan Yunin 2025 aka ƙaddamar da sabbin tashoshin mota a Mabushi da Kugbo, waɗanda Ministan Abuja Nyesom Wike ya gina, aka ce don jama'a su samu wurin hawa mota cikin aminci. Tashar Kugbo tana kan hanyar Nyanya ɗin ne. A ware rumfa ɗaya a kowace a rubuta mata filin jirgi.

Safa-safa na nesa kuwa aikin jihohi ne. Kaduna da Neja suna da hukumomin sufuri nasu, akwai Kano Line, akwai Yankari Express ta Bauchi, akwai Benue Links, dukkansu motocinsu na shiga Abuja. Abin da ake buƙata shi ne sawu ɗaya ko biyu a rana su zarce har cikin filin, a ba su gurbin tsayawa kusa da ƙofar fita, ba can bayan gari ba, a kuma bari mutum ya sayi kujerarsa ta waya tun kwana biyu kafin tafiya. Kamfanonin Umra ma da za su samu irin wannan, da sun huta da neman motoci ɗaiɗai duk lokacin da ayari zai tashi.

Na san wannan zai taɓa abincin wasu. Direbobin tasi na filin jirgi mutane ne masu iyali, suna biyan kuɗin rajista da na ƙungiya, wani sai ya wuni a layi kafin ya samu sawu ɗaya, shi ya sa in ya samu yake yankawa da ƙarfi. Tuni ma motocin manhaja irin su Bolt suka rage musu kasuwa. Ba na son a zo da bas a yi kamar ba su nan. A zauna da su da ƙungiyar direbobi tun farko, a ba su damar shiga cikin kamfanin da zai gudanar da motocin, ko a fara ɗaukar direbobi daga cikinsu. Mai sauri da mai hali ba za su daina hawa tasi ba. Wanda bas za ta ɗauka shi ne wanda dama yake tafiya da ƙafa har bakin titi da kaya a ka don gudun tsada, ko yake roƙon ɗan'uwa ya bar aikinsa ya zo ɗaukarsa. Amma ko da za ta rage musu wani abu, ba daidai ba ne a bar dubban mutane cikin wahala don kare layin mota guda.

Masu tsoron tsaro ba su yi laifi ba. Mutanen Abuja ba su manta da bam ɗin tashar Nyanya na watan Afrilun 2014 ba. Sai dai ka auna: mota ɗaya sananniya, da direba sananne, wadda aka binciki kowane fasinja da jakarsa kafin ya hau, aka rubuta sunansa, da ƙananan motoci ashirin da babu wanda ya san me ke cikin but ɗinsu, wanne ya fi sauƙin sa ido? Game da hanyar Kaduna kuwa, ban ce a sa safa ta bi ta da tsakar dare ba. Ta tashi da rana ta iso kafin duhu, a tanadi zaure mai kujeru da banɗaki da wurin sallah inda mai jirgin asuba zai jira cikin mutunci.

Abin da ni kaina nake tsoro daban ne. Mun iya sayen motoci, ba mu iya riƙe su ba. Mazauna Abuja sun san dogayen bas ɗin nan da har yau ake kira El-Rufa'i, sun san yadda suka cika gari da farko, suka kuma riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya. In za a yi wannan, kada a fara da bikin yanka kyalle. A fara da garejin gyara, da makanikai, da kuɗin taya da birki na shekara uku a cikin kasafi, sannan a manna jadawali a inda kowa zai gani, har da lambar da fasinja zai kira in mota ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da Gwaggo za ta dawo tun la'asar na isa filin. Jirginsu ya yi jinkiri, bai sauka ba sai bayan sha ɗaya na dare, kafin kaya su fito sha biyu ta gota. Ban ga amfanin biyan shatar dare zuwa Madalla mu tayar da mutanen gida ba, sai muka nemi gefe muka zauna. Ba mu kaɗai ba ne. Kusa da mu akwai wani bawan Allah daga Bida da ya zo taryar mahaifinsa, tsohon na zaune a kan akwati yana jan carbi. Ya matso ya yi mini sallama ya ce, "Malam, don Allah da safe a ina ake samun motar Zuba a nan?" Na maimaita masa abin da ɗan kamashon nan ya faɗa mini, hawa uku, sauka uku. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi kayansu, ya yi shiru.

Gwaggo ta shimfiɗa sallayarta a kan tayil, ta jingina da kwalin zamzam, barci ya ɗauke ta da ragowar dabino a hannu. Da gari ya waye mu huɗu muka haɗa kuɗi muka ɗauki shata ɗaya. Akwatuna suka cika but har sai da aka ɗaure murfin da igiya, kwalayen zamzam biyu muka ɗora a cinya. A Zuba muka yi sallama, su suka nufi layin Minna, mu muka nufi na Kaduna, muka zauna jiran mota ta cika.